Wa Ya Ce Kallon Tsuntsaye Aikin Mai Ƙoshi Ne?

Irin hotunan nan sun yi yawa a wayoyin salula: dattijuwa Ba'amurkiya zaune a bayan ɗakinta, ta rataya wata jar kwalba cike da ruwan sukari, ƴan tsuntsaye da ba su fi babban yatsa girma ba suna shawagi a bakin kwalbar, ita kuwa ta ƙura musu ido tana ɗan rubutu a littafi. Duk inda hoton ya faɗa hannun ƴan boko a ƙasar Adar, ko a ɗakin malamai ko a fadar shan shayi, hukunci ɗaya ake yanke masa: ƙoshi ne. Wanda ya ci ya bar saura shi ke shayar da tsuntsu sukari. Mutumin Galma Kudawace, da ke lissafin dami nawa ya rage a rumbu kafin ruwan shuka, ina ya ga wannan sukuni? Daga nan sai a rufe zancen da cewa mai jin yunwa ba ya ɗaga kai ya dubi tsuntsu sai in harbinsa zai yi.

Maganar tana da daɗin faɗi, tana kuma sa mai faɗinta ya ji shi ne ya san talaka. Amma kuskure ce, kuskure mai tsada, kuma abin takaici shi ne ta fi fitowa daga bakin waɗanda aka damƙa wa yara.

A fara da ba masu dariyar haƙƙinsu. Tsuntsun da ke cikin hoton, wanda ake kira kolibiri da Faransanci, babu shi a Nijar, babu shi a Afirka baki ɗaya. Danginsa masu iri sama da 300 a nahiyar Amurka kaɗai suke. Halitta ce mai ban al'ajabi, tana tsayawa cik a iska, tana tashi da baya, akwai ma irin da nauyinsa bai wuce giram 3 ko 4 ba amma yana ƙetare tekun Meksiko, tafiyar kilomita 800, bai sauka ba. Masu shayar da shi kan haɗa awo ɗaya na sukari da awo huɗu na ruwa. To duk wanda ya zo Galma ko Buza ya ce a sayo sukari a kanti a jiƙa wa tsuntsu, ko a ɗebi tiyar hatsi a watsa a tsakar gida don nishaɗi, ya cancanci dariya, har a ƙara masa da tsaki. Hatsi abincin mutum ne. Manomin da ya yi makonni yana kaɗa gwangwani a gona, ƴaƴansa suna ihu tun asuba don korar jan-baki da gwara daga zangarniyar da ta fara ƙosawa, ba ya bukatar wani ya zo ya yi masa wa'azin son tsuntsu.

Sai dai masu dariyar kwalbar kawai suka gani. Littafin da ke hannun dattijuwar ya shige musu, alhali shi ne kan zancen.

A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye a Amurka, Frank Chapman, ya ba da shawarar a bar al'adar fita harbin gasa ranar Kirsimeti, a fita ƙidaya a maimakonta. Mutum 27 suka amsa kiran. Ƙidayar ba ta tsaya ba har yau. A Ingila, a 1979, ƙungiyarsu ta kare tsuntsaye ta roƙi yara su zauna awa ɗaya su ƙirga abin da ya sauka a bayan gidajensu, kuma aikin da aka fara da yara ya zama na mutane wajen rabin miliyan a ƙarshen kowane Janairu. Ta irin wannan zama ne suka ga gwarar gidajensu ta ragu da fiye da rabi. Abincin da suke zubawa dabara ce ta jawo tsuntsu kusa da ido. Amfanin yana ga lambar da ake rubutawa shekara bayan shekara, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, har ranar da lambar za ta faɗi abin da ido ɗaya ba zai taɓa gani ba.

Ga misalin da ya kamata ya kashe wa kowane malamin Adar dariya. Akwai wata ƴar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, nauyinta wajen giram 15, da ke hayayyafa a shingayen gonakin Ingila, in sanyi ya gabato ta ƙetaro Sahara ta yi rani a ƙayoyin Sahel, daga Senegal har Sudan. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka duba littattafansu suka ga fiye da biyu cikin uku na tsuntsayen nan ba su komo ba. Babu annoba a can, babu wani sauyi a gonakinsu. Sai a 1974 masana suka haɗa lissafin suka gane ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a daminar 1968 ne ya kashe su. Wato farin nan da ya ƙare da mutuwar dabbobi da yunwar 1973, wanda yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974, ya bar sawunsa tun da wuri a littafin wani tsohon malami ko ma'aikacin gidan waya a ƙauyen Ingila. A kan aduwa da magaryar ƙasar nan tsuntsayen suka mutu. A can aka rubuta mutuwarsu. Shin wannan ƙoshi ne, ko kuwa kula?

Abin da ya fi ciwo shi ne kallon tsuntsu ba baƙo ba ne a nan. Ba Bature ne ya koya wa manomin Adar jiran shamuwa ba. Tana isowa gabanin ruwa, a Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a kan doguwar itaciyar tsakiyar gari, kuma da ganinta mutane kan ƙara himma wajen sharar gona da gyaran iri. Yaron da ya jefe ta ya san abin da zai tarar a gida. Wannan ilimi ne na lura, an gina shi da ido tsawon zamanai, bai rasa komai ba sai kwanan wata. Da a ce tun shekarar samun ƴancin kai, 1960, akwai mai rubuta ranar da aka ga shamuwar farko a Madawa, da yawan sheƙunan da aka yi a garin, da ranar ruwan shuka, da yau akwai layi sittin da ƴan kai da za su amsa tambayar da tsofaffi ke yi kullum a bakin masallaci, ko damina ta koma makara ne ko kuwa zuciya ce ke ƙawata da. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga Denmark, tare da abokan aikinsu ƴan Nijar, suka ɗaura wa wasu shamuwoyi ƴan na'urori suka bi su ta tauraron ɗan adam har Tanzaniya, suka kuma auna yawan farar da suke ci a gabashin ƙasar. Aiki ne mai kyau. Amma da Ingilishi aka buga shi, a mujallun da ba su taɓa isowa Keita ba, game da tsuntsuwar da ke kwana a saman kasuwar gari.

A shiga kowane gida a Galma da hantsi, lokacin da mata suka gama surfe. Wurin cin abincin tsuntsaye da ake yi wa Amurkawa dariya a kansa yana nan a gindin turmi, ba a saye shi da ko dala ba. Kurciya na tsintar tsaki. Baiwar Allah, ƴar jar tsuntsuwar nan da ba ta tsoron mutum, tana tsalle tsakanin ƙafafun mai shiƙa, ta shiga ɗaki ta fito, ta yi sheƙa a jinka. Sunanta kaɗai katanga ne gare ta, don wanda ya raɗa mata shi ya san yaro zai yi nauyin hannu kafin ya harbi abin da aka jingina ga Allah. Tana da wani sirri da zai cika darasi guda: akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, macensa a sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwai, ƴaƴansa su fito da zanen cikin baki irin na ƴaƴan mai gida don kada a gane su wajen ciyarwa, namijin kuma ya girma yana kwaikwayon kukan wadda ta rene shi. Duk wannan a rufin ɗakin da yaro ke kwana yake faruwa, shi kuwa yana lakol yana haddace tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da yanyawa, hankakan da ko farin ƙirji ba shi da shi.

Sai kuma sha-kauci. In ana neman abin da ya yi kama da kolibiri a ƙasar Hausa, shi ne: ɗan ƙarami, mai siririn baki lanƙwasasshe, namijin wani irinsa kore ne shar mai ɗaukar ido da rawayan ciki da dogayen gashin wutsiya biyu. Ba su da dangantaka da kolibiri ko kaɗan, sana'a ce ta zo ɗaya, kuma shi yawanci sauka yake a reshe ya sha ruwan fure, ba kasafai yake tsayawa a iska ba. Ana ganinsa a furen tumfafiya da zogale da bagaruwa. Wanda ya sa masa suna ya san aikinsa sarai. Furen kauci a rufe yake zama har sai tsuntsun ya zura baki, sannan ya fashe ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa na gaba. Bahaushe ya ga wannan hulɗa ya ɗaure ta cikin kalma biyu. Amma a yau yaro ya nuna wa mushe tsuntsun a harabar lakol, amsar da ya fi samu ita ce kolibiri ne. An ba tsuntsun gida sunan baƙon da bai taɓa taka nahiyar ba, ko sunansa na gaskiya na Faransancin ba a faɗa ba, na Hausar kuwa an bar shi a bakin kaka. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne daga mutumin da ke zargin wasu da kwaikwayon Turawa.

A nan ne zancen ya shafi ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an tsayar da ƙa'idar rubutu a 1999, a Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk nasarori ne. To amma harshe ba a kan takardar doka yake zaune ba, a kan sunayen abubuwa yake. Ana ta taro ana gardamar yadda za a fassara kwamfuta da intanet, sunayen da aka gada kuwa suna zubewa ta ƙasa kamar hatsi daga ɓulallen buhu. A gwada: a ce wa ɗan aji shida ya lissafa tsuntsaye. Bayan kaza da zabo da tattabara da agwagwa, zai kawo kurciya da hankaka, wataƙila balbela, daga nan komai tsuntsu ne. Cilakowa, carki, burtu, yautai, zalɓe, gauraka, ragon maza, tuje, kirinjijiya, da yawansu sun koma zama a ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda shi ma baƙo ne ya zauna ya tambaya ya rubuta.

Karin magana ma ba ta tsira. Balbela ci da motsin wani, rahoto ne na wanda ya tsaya ya ga yadda take bin sawun shanu tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Hankaka mai da ɗan wani naka, masana sun tabbatar akwai tsuntsun da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka ya bar masa reno, ba mamaki abin da kakanni suka hango ke nan suka fassara shi yadda suka fassara. Ungulu ba ta jewar banza. Wannan ta ƙarshe fa, wa zai bayyana ta ga yaron da bai taɓa ganin ungulu tana jewa ba?

Duk wanda ya haura shekara hamsin ya san lokacin da ungulu ke jere a kan katangar mahauta da rumfunan kasuwa, ba a ko kula ta don yawa. Ya duba yau. Ba a yi shela ba, ba a yi zaman makoki ba, raguwa ta yi ta yi a hankali har ido ya saba da rashinta. Wanda ya sa wa abin lamba wani Bafaranshe ne, Jean-Marc Thiollay, da ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidaya tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandayen da ake tsaro, manyan ungulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100, ungulun gari da kusan rabi. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake sa wa mushen dabba don kashe kura da dila, da cinikin kai da ƙafa da gashinta a kasuwannin masu magani. A 2014 wata farar ungulu da aka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka, aka sa mata suna Paschalis, ta ƙetaro teku da hamada lafiya, maharbi ya kashe ta a jahar Damagaram don sayarwa a ƙetaren iyaka. Mutanen Girka sun san ranar, sun san wurin. An kafa dokar farauta da kare namun daji tun 29 ga Afrilun 1998, amma takarda ba ta da ido. Wanda kuma yake ganin rashin ungulu ba asara ba ce, ya tambayi Indiya, inda maganin dabbobi ya kusa ƙarar da ita a shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnuka suka yawaita, har wani bincike na 2024 ya ƙiyasta mutuwar mutane wajen dubu 500 tsakanin 2000 da 2005 a dalilin haka.

Masu ganin duba tsuntsu shagala ce da ba ta dace da mutumin kirki ba, labarin da suka sani tun suna makarantar allo ya ishe su. A Suratun Namli, Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da duk mulkin da aka ba shi, ya bincika rundunar tsuntsaye har ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi dalili. Ba a gane wanda ya ɓace sai an san waɗanda suke nan.

Saura hujjar manomi, wadda ta fi sauran nauyi: tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Wasu tsuntsaye, i. Nijar tana da iri sama da 500, masu yi wa gona ɓarna ta gaske ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran da yawansu ƙwari suke ci, fara da tsutsa da gara mai fiffike. Shamuwa da balbela da cilakowa ma'aikata ne da ba a biya. Ƙasar Sin ta gwada hukuncin gamayya a 1958, aka tashi jama'a da ganguna da tukwane suka hana gwara sauka har ta faɗo matacciya, sai ƙwari suka samu fili, zuwa 1960 hukuma ta janye umarnin, bayan an riga an shiga yunwar da ta ci miliyoyin rayuka, wadda wannan wauta tana cikin abubuwan da suka ƙara mata wuta. Jahar Tawa da ta ga farar ɗango ta 2004 da wahalar 2005 ba ta bukatar a gaya mata wanne ya fi tsakanin bakin tsuntsu da bakin fara. Kuma ko don yaƙi da jan-bakin kansa, yaron da ya iya bambanta shi da sauran ƙananan tsuntsaye, ya san fadamar da yake kwana da watan da ya fara taruwa, shi ne zai kai wa ma'aikatan gona labari da wuri, kafin a kai ga feshin da ba ya tambayar sunan wanda yake kashewa.

Ƙasar nan ta riga ta nuna wa duniya ta iya aikin haƙuri. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska, har suka kai ɗaruruwan kilomita. Daga 1984 aikin Keita ya tashi, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan fako, aka haƙa ramuka a jikin tsaunuka aka dasa miliyoyin itatuwa. A Maraɗi da Damagaram manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace. An ƙirga hekta, an ƙirga madatsun ruwa, an ƙirga buhunan abincin da aka biya ma'aikata da su. Wace makaranta ce tsakanin Keita da Madawa za ta fito da littafi ta nuna wane tsuntsu ne ya komo, a wace shekara, a kan wace itaciya?

Tambayar tana da amfani, domin itace ba ɗaya ba ne a wurin tsuntsu. Leo Zwarts da abokan aikinsa ƴan Holan sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye itaciya bayan itaciya a faɗin Sahel, suka tarar mafi yawansu a kan ƴan irin itatuwa kaɗan suke taruwa, galibi masu ƙaya, gawo yana sahun gaba tare da kandili da aduwa. Dalilin gawo a fili yake ga duk manomi: yana zubar da ganye da damina, ya yi sabon ganye da fure da kaka, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke saukowa daga hamada da yunwa, su tarar da tsutsa da ruwan fure. Dogon yaro da itacen turare kuwa kusan fayau suke, don ɗacin da ke hana ƙwaro cin ganyen shi ke hana mai cin ƙwaro zama. Ba a raina wa dogon yaro ba, ya ba da inuwa inda wasu suka ƙi kamawa, ya tare iska a Majiya. Amma tun 1975 ake dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, kuma harabar lakol bayan harabar lakol dogon yaro ne jere kamar sojoji. Gawo ɗaya, aduwa ɗaya, magarya ɗaya da ƴan zogale a kusurwa za su kawo wa ɗalibai abin kallon da kwalbar sukari ba za ta kawo ba.

A Adar, abin da tsuntsu ya rasa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma tabkuna sun ƙafe, ruwa ne. Saboda haka kayan aikin duka kasko ne, ko fasasshiyar tukunya marar zurfi, a sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, a ɗora shi a inuwa bisa wani abu mai tsayi inda kyanwa ba ta kaiwa. Gaskiya ne ruwa da guga ake jawo shi, kuma matan da ke jawo shi sun san nauyinsa, amma ludayi biyu ake magana, abin da bai kai wanda ke zuba ƙasa wajen alwala ɗaya ba. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne tsabta. A zubar a wanke kullum, don kada sauro ya samu wurin ƙwai, kuma a nisanta shi da wurin shan kaji. Nijar ta ga murar tsuntsaye a Magariya a Fabrairun 2006. Ingila ma, da duk iliminta, wuraren ciyarwa marasa wanki sun taimaka wajen yaɗa wata cutar maƙogwaro daga 2005, wadda ta kashe miliyoyin wani koren tsuntsunsu. Wanda ba zai wanke kaskon ba gara kada ya ajiye shi.

Kusa da kaskon sai littafin rubutu. Minti 15 kafin shiga aji, rana ɗaya a mako, yara biyu ko uku bi da bi: kwanan wata, sunan tsuntsu, nawa ne, me yake yi, a kan wace itaciya. Sunan da Hausa, in ɗan Buzaye ko ɗan Fulani ya san nasu a rubuta a gefe, wanda ba a san sunansa ba a zana shi a kai wa tsofaffi. Shekarar karatu kamar don wannan aka tsara ta, tana buɗewa a Oktoba lokacin da baƙin arewa ke isowa, tana rufewa a Yuni bayan shamuwa ta yi sheƙa. A cikin shafi ɗaya an yi lissafi, an yi rubutun Hausa, an yi labarin ƙasa. Shugaban littafin kuma kada a ba ɗan gaban aji mai tsabtar riga. A ba yaron nan na bencin baya mai danƙo a aljihu, wanda ya san inda kowace kurciya ke kwana da sa'ar da take zuwa ruwa. Ya fi mushe sanin tsuntsu nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa gaya masa abin da ya sani ilimi ne ba.

Aikin ƙungiyoyi shi ne su riga mutuwa zuwa wurin masu sunayen: maharba, makiyaya, tsofaffin matan da suka yi tsaron gona da ƙuruciya. Inda Adar ta kira tsuntsu da suna ɗaya Gobir ko Kano ta kira shi da wani, a rubuta duka biyun, kada a ce ɗaya ne daidai. Ba daga sifiri za a fara ba. Akwai rumbun bayanan tsuntsayen Nijar da Joost Brouwer ya assasa, wanda ya faɗaɗa ya haɗa da maƙwabta, yana karɓar rahoto ta intanet. A Najeriya, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jos ta buɗe aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, kuma cikin masu yawon ƙidayar akwai ƙungiyar samarin arewa, ƴaƴan manoma irin na Galma, da ba wanda zai zarge su da ƙoshi.

Shugaban makarantar da zai ce babu kasafin kuɗin wannan aiki, ya zaga bayan madafin gidansa, fasasshen kasko na nan. Littafin kuwa kuɗinsa bai kai na shayi da sukarin da fadar malamai ke sha a yini ɗaya ba.